Sarƙar wincin jan gungume: wane mai, nawa, kuma ta ina ake sa shi?

Mai Jan Gungume:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'a. Shawara nake nema a kan wincin jan gumagumai, irin wanda ake ratayawa a hannaye ukun nan na bayan tarakta, PTO, wato shaf ɗin da ke juyawa a bayan tarakta, ke juya shi. Ƙarfinsa tan 3.5 ne, kuma igiya ake ja da hannu kuloci ya kama. Idan aka buɗe murfi akwai ƙaramin faranti mai haƙora a ƙasa, babba a sama kusa da ganga da igiyar waya mai jan gungume ke naɗuwa a kai, sarƙa ɗaya ta haɗa su.

Sarƙar ce ta fara ƙara, kas-kas-kas, musamman idan kaya ya yi nauyi. Da aka duba sai aka tarar ta bushe ƙamas, ga wani jan gari kamar tsatsa yana fitowa daga gaɓoɓinta. Sai aka tsiyaya mata baƙin mai sosai har ta jiƙe. Ƙarar ta ragu, amma bayan kwana biyu winci ya daina ja kamar da. Gungumen da yake kawowa cikin sauƙi, yanzu sai ganga ta tsaya cak, faranti yana ta juyawa, wani wari kamar na ƙuna yana tashi.

Shin man ne ya jawo haka? Idan shi ne, me ya kamata a riƙa sa wa sarƙar, giris ko mai? Bayan awa nawa? Kuma ta yaya mutum zai gane sarƙa ta ƙare, ba sai ta tsinke ana tsakiyar aiki ba? Allah ya saka da alheri.

Makaniken Tarakta:

Wa alaikumus salam, Malam. Man ne, babu ko shakka. Kuloci ya sha mai.

A yawancin irin wannan winci fatar kuloci tana manne ne a fuskar babban faranti, ita ce ake matsawa a jikin ganga idan ka ja igiya. Wato tsakanin sarƙar da ke son mai da fatar da ba ta son ko ɗigo, tazarar ba ta wuce 'yan yatsu ba. Lokacin da inji ke aiki ƙaramin faranti yana juyi 540 a minti, yana watsa duk man da ya yi yawa a jikin murfi da bango. Idan aka tsaya kuma, man da ke saman babban faranti sai ya gangaro a hankali ta fuskarsa, cikin dare, ya sauka daidai kan fata. Shi ya sa ba a ranar ka ga matsalar ba sai bayan kwana biyu. Kafin ka sake ɗaura gungume ka duba birki ma, don belin birkin yana zagaye da ganga ne, kuma idan mai ya taɓa shi gungume zai iya zamewa baya a kan gangare alhali kana zaton ka riƙe shi. Wannan ya fi santsin kuloci haɗari.

Kafin hannu ya shiga ciki: sauke winci ya zauna a ƙasa, saki igiyar waya kada a bar ta da kaya, kashe PTO, kashe tarakta, zare makulli ka sa a aljihu, sannan ka cire shaf ɗin PTO daga jikin tarakta. Da hannu za ka riƙa juya sarƙar ta wannan shaf ɗin. Kada wani ya ce maka a bar inji yana tafiya a hankali don mai ya shiga da kyau. Tsumma ɗaya sarƙa za ta kama ta tafi da yatsu cikin haƙora.

Jan garin da ka gani ba tsatsar ruwan sama ba ce. Kowace gaɓa ta sarƙa tana da fin a tsakiya, bushin ya zagaye fin, rola ta zagaye bushin, sai ɓarayin ƙarfe na ciki da na waje da ke riƙe su. Duk lokacin da gaɓa ta hau faranti ko ta sauka, fin yana murɗawa a cikin bushin da cikakken nauyi a kansa. Idan wurin ya bushe, ƙarfe na cin ƙarfe, garin da ke fita ya haɗu da iska ya zama ja. To nan ne ake son mai ya kai, tsakanin fin da bushin, kuma ƙofar shigarsa guda ce: 'yar siririyar tazarar da ke tsakanin ɓarin ciki da ɓarin waje, a kowane gefe. Man da aka malala a bayan rola ko a bayan sarƙa kusan duk asara ne, ƙura da ɓawon itace kawai yake tarawa, sauran ya tafi kan kuloci.

Ga yadda za ka yi. Fara da share abin da aka zuba. Yanki kwali ka cusa shi tsakanin sarƙa da ɓangaren kuloci gwargwadon yadda wuri ya ba ka, ka goge sarƙa da haƙoran faranti da tsumma mai ɗan danshin kananzir, danshi fa, ba mai ɗiga ba. Ka goge cikin murfi da bangon da man ya fantsama, don idan ka bar shi zai sake gangarowa. Ka kwashe dattin da ya taru a ƙasan gidan sarƙa, galibi za ka samu ɓawo da ƙasa sun haɗu da mai sun zama kamar kwaɓaɓɓen laka.

Idan ta bushe, sai man. Abin da ya fi dacewa da wannan wuri shi ne man sarƙa na gwangwani mai fesawa, irin wanda ke fita tsararo kamar ruwa, ya ratsa gaɓa, sannan abin da ya tsinka shi ya bushe ya bar mai kauri mai danƙo a ciki. Sa 'yar siririyar tsinken nan a bakin gwangwani. Zaɓi ɓangaren sarƙa da ba ya ɗauke da kaya, wato mai sako-sako, kusa da ƙaramin faranti a ƙasa, nesa da kuloci. Ka fesa ta cikin zagayen sarƙa, gefen da ke taɓa haƙora, a kan bakin ɓarayi: layi ɗaya a dama, layi ɗaya a hagu. Dalilin sa shi ta ciki shi ne juyawa tana tura mai waje, don haka wanda aka sa ta ciki sai ya ratsa gaɓa kafin ya fita, wanda aka sa ta waje kuwa tashi kawai yake. Yi alama da alli a gaɓa ɗaya don ka san inda ka fara. Zagaye ɗaya ya isa. Ka juya sarƙar da hannu sau uku ko huɗu, ka bar ta aƙalla rabin awa, in da hali ta kwana, sannan ka goge bayanta da busasshen tsumma har ka ga tana ɗan sheƙi kawai, ba ta jiƙa yatsa.

Gara a yi wannan aikin da yamma bayan an tashi, sarƙa na da ɗumi, mai ya fi shiga. Maganar lokaci kuwa, littattafan masu ƙera irin waɗannan injuna galibi suna cewa bayan awa 40 zuwa 50 na aiki, kuma awannin da winci ya juya ake nufi, ba na tarakta ba. Idan ana aiki cikin ruwa ko ƙura mai yawa, ka buɗe murfi duk mako ka duba da ido. Gaɓa mai duhu da ɗan maiƙo lafiya take. Gaɓa mai haske fayau ko mai jan gari tana kuka.

Abu biyu ka nisanta. Tsohon baƙin mai da aka juye daga inji, don yana ɗauke da garin ƙarfe da datti, ga shi tsararo yana bin ko'ina. Sai irin WD-40, wanda ke da amfani wajen kwance noti da korar danshi, amma ba ya barin abin da zai ɗauki nauyin da ke kan fin.

Injiniyan Sarƙa:

Makanike ya yi bayani mai kyau, sai dai ina so in ƙara abu a kan giris, domin Malam zai iya buɗe littafin injinsa ya ga an rubuta a shafa giris kaɗan, kada a sa mai, sai ya rikice. Masu ƙera sarƙa da masu ƙera winci ba bakinsu ɗaya ba a nan, kuma kowa na da hujjarsa. Masu sarƙa suna son mai mai gudana, har suna da jadawalin lambar kaurin mai: SAE 30 idan zafin wuri yana tsakanin digiri 5 da 40, SAE 40 daga 40 zuwa 50. Hujjarsu ita ce giris mai kauri ba ya ratsa tazarar ɓarayi, yana zama a waje ya toshe ƙofa, ka ga sarƙa baƙi ƙirin da maiƙo amma cikinta a bushe. Masu winci kuma kuloci suke karewa, sun san giris ba ya gangarowa kamar mai. Idan littafinka ya ambaci wani abu takamaimai, bi shi, musamman idan inji na cikin garanti. Amma ka sani giris da aka shafa da yatsa a bayan sarƙa yana kare rola da haƙora ne kawai, fin bai samu komai ba.

Hanyar da ke biyan buƙatar ɓangarorin biyu, kuma ita nake ganin ta dace da sarƙar da ta riga ta yi jan gari, ita ce a cire ta gaba ɗaya. Feshi a kan gaɓar da ke cike da garin ƙarfe kwaɓa garin kawai yake, ya zama kamar man wasa wuƙa. Cire mahaɗi, wato gaɓar da ake buɗewa a raba sarƙa, zare sarƙa, naɗe ta a cikin kwano, zuba kananzir ko man gas ya rufe ta, bar ta awa ɗaya ko biyu. Ka riƙa lanƙwasa ta a ciki kana goga da buroshi, za ka ga ruwan ya koma ja ko baƙi. Canza shi ka maimaita har ya fita da haske. Kada a yi amfani da fetur saboda wuta. Kada kuma a kuskura a jiƙa ta a ruwan batir ko wani maganin tsatsa mai asid: ɓarayin sarƙa ƙarfe ne da aka gasa ya yi tauri, asid na sa shi ya yi gautsi, ya tsage daga baya ba tare da wata alama ba. Haka ma ƙona ta da wuta don a fitar da datti, ko yi mata walda, duk suna kashe taurin. Injin wanki mai feshin ruwa da ƙarfi shi ma tura ruwa yake cikin gaɓa.

Rataye ta ta bushe sarai. Sannan ka bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya da hannu: kowace ta lanƙwashe ta dawo ba tare da cijewa ba, kowace rola ta juya. Ka duba ɓarayi kusa da ramin fin, nan tsaga ke farawa, siririya kamar gashi. Ka duba kawunan fin, idan ka ga wani ya juya ya saɓa da 'yan'uwansa, alama ce ya taɓa kamewa a cikin bushin saboda bushewa. Tsaga ko da ɗaya ce, ko fin da ya juya, sarƙar ta tashi daga aiki.

Idan ta tsallake wannan, ɗumama man giya mai lamba 80W-90, ɗumin da hannu zai iya jurewa, ba tafasa ba. Mafi aminci a sa kwanon man a cikin ruwan zafi maimakon a ɗora shi a wuta. Nutsar da sarƙa, motsa ta har kumfar iska ta daina fitowa, bar ta awa biyu. Rataye ta a kan kwanon ta kwana tana tsiyaya, da safe ka goge bayanta tas. Yanzu mai na ciki inda ake so, waje kuma kusan a bushe. Sau ɗaya a shekara, ko kafin a ajiye inji na tsawon lokaci, ya wadatar. Tsakanin haka sai feshin da Makanike ya bayyana.

Wasu na amfani da man sarƙar zarton inji saboda danƙonsa. Yana aiki idan aka ɗiga shi da sirinji, ɗigo ɗaya a kowane gefen gaɓa. Sai dai a guji irin wanda aka yi da man tsirrai idan inji zai daɗe a ajiye, yana daskarewa ya zama kamar ƙaro, gaɓoɓi su cije.

Tunda sarƙar za ta fito, Malam, ka auna ta kafin ka ɓata mai a kanta. Bayan wanki, shimfiɗa ta a kan benci, maƙale kai ɗaya da ƙusa, ja ɗayan da ƙarfi ta miƙe. Da rula ta ƙarfe ka auna daga gefen fin na 1 zuwa wannan gefen na fin na 21, tazara 20 ke nan. Yi haka a wuri uku daban-daban, ka kawo mana mafi tsawo. Ka karanto lambar da aka buga a jikin ɓarayi, ka kuma ƙirga haƙoran farantan biyu.

Mai Jan Gungume:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. An cire, an wanke, an auna. A jikin ɓarayi an buga 12B. Tazara 20 ta ba da milimita 389 a wuri ɗaya, 390 a wani, 391 a na uku. Ƙaramin faranti haƙori 11, babba 88. Babu tsaga, amma gaɓa biyu suna ɗan cijewa. Ajastar da ke ɗame sarƙa mai sifirin ce, kuma ta kai ƙarshen tafiyarta, roban da ke danna sarƙa ya yi kwari biyu masu zurfi. An ba ni shawarar a cire gaɓa ɗaya a sa rabin mahaɗi don ta ɗame. Yaya kuke gani? Sannan fatar kuloci ta yi baƙi tana sheƙi, a wanke ko a canza?

Injiniyan Sarƙa:

Sarƙar nan ta ƙare, Malam, kada ka ɓata man giya. Ga lissafin. Tazarar 12B milimita 19.05 ce, sau 20 ya zama 381 a sabuwa. Taka ta kai 391, ƙarin milimita 10, wato kashi 2.6 cikin ɗari. Za ka ji ana cewa iyaka kashi 3 ce, kuma haka ne ga farantai marasa haƙora da yawa. Amma idan babban faranti ya wuce haƙori 67 ko makamancin haka, ana raba 200 ne da yawan haƙoransa. A naka 200 raba 88 ya ba da kusan kashi 2.3, wato milimita 389.7 a tazara 20. Ka riga ka wuce. Dalilin wannan ƙa'ida shi ne sarƙar da ta yi tsawo tana hawa sama a kan haƙora, kuma a babban faranti kuskuren kowace gaɓa yana taruwa a kan na baya har rola ta kai tsinin haƙori ta yi tsalle. Ƙarar kas-kas da kake ji idan kaya ya yi nauyi mai yiwuwa farkon wannan ne.

A lura, ba miƙewa ƙarfen ya yi ba. Fin da bushin ne suka cinye, kowace gaɓa ta samu wasa na rabin milimita. Shi ya sa cire gaɓa ba magani ba ne: ka rage tsawon zagaye, amma tazarar kowace gaɓa tana nan a 19.55, haƙora kuma an yanka su ne don 19.05. Za ta ɗame, ta ci gaba da cin haƙora, a ƙarshe ka sayi sarƙa da farantai gaba ɗaya.

Rabin mahaɗi kuwa, ka bar shi. Lanƙwasassun ɓarayinsa sun fi kowace gaɓa rauni wajen jure ja da saki, kuma aikin winci ja da fizga ne. Duba nauyin da ke kan sarƙar: a ce ƙwaryar gangarka tana da faɗin milimita 150, babban faranti mai haƙori 88 kuma faɗinsa kusan 534 ne. Idan igiyar waya na jan tan 3.5 a zagayen farko na ganga, sarƙa na ɗauke da kusan tan 1. Ƙarfin tsinkewar sabuwar 12B mai layi ɗaya kusan tan 3 ne. Idan gungume ya maƙale a kututture ya fizga, ragowar ba ta da yawa, bai kamata a saka gaɓa mai rauni a ciki ba.

Wajen saye a yi hattara da abu ɗaya da ke rikita mutane. Sarƙa mai lamba 60, ta tsarin Amurka, tazararta ɗaya da 12B ta tsarin Turai, duk 19.05. Amma kaurin rolar 12B milimita 12.07 ne, na 60 kuma 11.91, faɗin cikinsu ma ya bambanta, fin ɗinsu ba kauri ɗaya ba. Za ta hau faranti kamar ta dace, amma ba ta zauna daidai ba, kuma mahaɗin ɗaya ba ya shiga ɗayar. Abin da aka buga a tsohuwar shi za ka nema, ka ƙirga gaɓoɓinta ka yanka sabuwar daidai da wannan adadi, ba daidai da tsawonta ba.

Ka duba ƙaramin faranti da kyau. Da haƙori 11 da 88, kowane haƙorin ƙaramin yana aiki sau 8 kafin na babban ya yi sau ɗaya, kuma gaɓa na lanƙwashewa kusan digiri 33 duk hawa. Shi ke fara mutuwa. Haƙori mai lafiya gefensa biyu iri ɗaya ne. Idan gefe ɗaya ya rarake, tsinin ya karkata kamar ƙugiya, canza shi tare da sarƙa, in ba haka ba zai lalata sabuwar cikin ɗan lokaci. Babban galibi yana wuce sarƙa biyu ko uku. Gwajinsa: naɗa sabuwar sarƙa a kansa, ta kwanta lif a gindin haƙora ko'ina, kuma idan ka ja ta baya ta sake shi ba tare da maƙalewa ba.

Roban ajasta ma a canza shi, kwarin da ya yi yana iya karkatar da sarƙa. Idan ka zo rufe mahaɗi, rufaffen kan kilif shi ke gaba, yana kallon inda sarƙa ta nufa, buɗaɗɗen bakin yana baya. Idan aka juya shi, abu kaɗan zai taɓa bakin ya fige shi. Sa sabon kilif, da filaya, ka tabbatar ya faɗa cikin tsagin fin biyun. Sabuwar sarƙa tana zuwa da man masana'anta a cikin gaɓoɓinta, kada ka wanke shi, ya fi duk abin da za ka sa mata. Goge na waje kawai.

Direban Daji:

Ƙari kaɗan a kan ɗaurin sarƙa, don masu wincin da ba shi da sifirin, wanda ake kwance noti a ja gidan ƙaramin faranti. Kada a ɗame ta kamar tsirkiya. A irin wannan tsari da sarƙa ke hawa sama, wasan tsakiyar ɓangaren sako-sako ya zama kamar kashi 2 cikin ɗari na tsawon ɓangaren: idan milimita 400 ne, wasa kamar 8. A juya sarƙa a gwada a wurare da yawa, a saita a inda ta fi ɗamewa. Ɗaurin da ya wuce kima yana matse mai daga cikin gaɓa, yana kashe boris na ƙaramin faranti. Sako-sako da yawa kuma duka take yi tana tsalle. Sabuwa tana ɗan saki a awannin farko, don haka a sake dubawa bayan aikin yini ɗaya.

Sannan, Malam, ka ɗora rula a fuskar farantan biyu ka ga ko suna layi ɗaya. Dubi tsohuwar sarƙar ma: idan cikin ɓarayin gefe ɗaya ya goge yana walƙiya, ɗayan bai yi ba, to akwai karkata. Kama ƙaramin shaf ka girgiza, in yana wasa boris ya tafi. Abin da ke yawan kashe wannan boris shi ne shaf ɗin PTO da ya yi tsawo: idan aka ɗaga winci, bututun shaf ɗin guda biyu da ke shiga juna sukan kai maƙura su tokare, ƙarfin hannayen tarakta gaba ɗaya ya sauka a kan boris. A gwada ɗagawa da saukewa a hankali, inji ba ya juya PTO, a tabbatar akwai sauran 'yan santimita a inda ya fi gajarta. Kuma a riƙa sa PTO tarakta na sulo, sannan a ƙara wuta.

Makaniken Tarakta:

Saura kuloci. Tunda kwana biyu kawai ya yi da mai, akwai fatan ceto shi, amma sai an zare ganga an kai gare shi, feshi daga waje ba ya yi. Wanke fatar da fuskar ganga da maganin wanke birki na gwangwani, wanda ke bushewa bai bar komai ba. Kananzir da man gas ba su da wuri a nan, su ma maiƙo ne. Fesa, goge da farin tsumma, maimaita har tsumma ya fita fari. Sheƙin da ka gani ƙuna ce ta santsi, sai ka karya shi da samfefa mai lamba 80, a hankali, ko'ina daidai, fatar na da ɗan danshin maganin don kada ƙura ta tashi. Kada ka hura garin da iska ko da baki, fatun tsofaffin injuna wasu na ɗauke da asbestos, mai illa ga huhu. Ajiye ta a rana awa ɗaya ka dawo ka duba. Idan baƙin tabo ya sake tsatsowa, mai ya riga ya shige ciki, kuma duk lokacin da ta yi zafi zai fito. Wannan sai sabuwa. Haka idan ta cinye har ta kusa kai kawunan ƙusoshin da ke riƙe ta. Belin birki ma gwajinsa ke nan, sai dai shi in akwai kokwanto ko kaɗan a canza.

Kada ka ƙara ɗaure notin kuloci don ka rufe santsin. Kuloci shi ne mai gadin injin: an saita shi ya zame idan kaya ya wuce tan 3.5, kafin igiyar waya ko sarƙa ta tsinke. Idan ka matse shi yana da mai, ranar da man ya ƙone zai kama fiye da ƙima, ko kuma ganga ta riƙa jan igiya ba a taɓa komai ba. Ka mayar da shi kan tazarar da littafin injin ya faɗa. Tunda ganga na waje, duba boris ɗinta: idan rufaffe ne bar shi, idan mai kan giris ne, bugu ɗaya ko biyu na famfo ya isa, don giris da ya yi yawa a nan ma kan fata yake fita. Bayan ka haɗa komai ka mayar da murfi, gwada ba kaya tukuna: ja igiyar kuloci ganga ta juya, saki ta tsaya nan take. Sannan ƙaramin gungume a fili, ka tsaya a gefe nesa da layin igiyar waya, ka gwada birki sau biyu ko uku kafin ka shiga gangare.